Daren da Iya ta ba da tatsuniyar rijiya

A gidanmu na Mandawari, da an sauke tuwon dare, Iya, mahaifiyar Baba, takan kwashi garwashi a kasko ta ajiye a ƙofar ɗakinta. Mu yaran sai mu kewaye ta, muna gasa gyaɗa tana ba mu tatsuniya. Haka muka taso, har lokacin da sojoji suka koma bariki kasuwa ta ɗan buɗe, Baba ya sayo kwamfuta don yin magana da masu aiko masa da shadda daga waje. Aka ja mata wayar tarho, aka girke ta a falonsa. Mu ƙanana wasan kati kawai muke yi a kanta. Yaya Nasiru kuwa, babban wanmu da ke ajin ƙarshe na sakandare, intanet yake shiga.

Wata rana da la'asar Baba ya same shi yana kallon hotunan gawarwaki, na wani rikici da ake yi a wata jiha, abokansa ne suka turo masa. Ina tsaye a bakin ƙofa. Idanun Yaya sun yi ja. Baba bai tambaye shi komai ba. Ya kwaɗa masa mari, ya sa wa kwamfutar lambar sirri, ya ce daga yau ba yaron da zai ƙara taɓa ta. Tun daga nan Yaya ya rage zaman gida. Muka ji cewa a wani kafe, wato shagon intanet, na Ƙofar Nassarawa yake yini da waɗancan abokan.

A cikin kwanakin ne Iya ta ba mu tatsuniyar da ba mu taɓa ji ba. Ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, tana fuskantar ɗakin Baba.

Wai wani mutum ne mai rijiya a tsakar gidansa. Ya fito ya ga ɗansa ya zura kai cikinta. Tsoro ya kama shi, ya zane yaron, ya mirgino ƙaton dutse ya rufe bakin rijiyar, ya koma ya yi barcinsa hankali kwance.

"To, 'yan nan," in ji Iya, "ya tambaye shi abin da ya kai shi?"

Muka ce a'a.

"Ƙishirwa ce. Da gari ya waye yaro ya tafi kududdufin bayan gari, inda babu mai riƙe masa riga."

Muka jira mu ji an ceto shi, don a tatsuniyoyin Iya kullum akan sami mai ceto. Ta tona garwashi, ta ce masu wanki ne suka tsinci takalmansa, ta ce mu tashi mu kwanta. Ƙanwata Safiya ta fashe da kuka.

Ba a daɗe ba rikicin ya iso Kano. Da hantsi Yaya ya fita da wasu samari, Umma, mahaifiyarmu, tana kiransa daga soro bai waiwayo ba. Baba ya zaga asibitoci da ofisoshin 'yan sanda har ƙafafunsa suka kumbura. Ba mu samu ko gawarsa ba. Kwamfutar ta zauna lulluɓe da zane, Iya kuma ba ta sake hura mana kasko ba har ta rasu.

Na daɗe ina jin haushin Baba. Sai da na haifi nawa na gane tsoron da ya kama shi ranar, don ni ma na sa lambar sirri a kwamfutar gidana, kuma ba zan cire ba. Iya ma ba ta taɓa cewa a bar rijiya a buɗe ba. Rannan na ga babban ɗana ya kifa fuskar kwamfutar da sauri da na shigo, idonsa cike da hawaye. Hannuna ya ɗaga da kansa. Na sauke shi, na jawo kujera na zauna kusa da shi, na ce, "Faɗa mini, me ka gani?"