Liƙin Iya

Ranar Asabar ta ƙarshe kafin hutun damina, shekarar da nake aji biyar, ina tsaye a kan teburan lakwal, makarantarmu ta boko, da aka harhaɗa aka shimfiɗa musu tabarmi, da tulu a kaina, ina tsakiyar waƙa, sai na ji guɗa ta tsaga filin. Na san guɗar. Babu mai irinta sai Iya, kakata ta wajen uwa, wadda ta taso tun da safe daga Gouna a bayan motar kasuwa don ta ga wasana. Kafin in ankara ta ratso iyayen yara da ke zaune a kan benci, ta ture wani mushe, malamin lakwal ɗinmu, da ya so tare ta, ta dafa tebur ta hau da tsufanta da komai. Ta kwance ƙullin gefen zanenta, ta ciro ƴar dala biyar, ta manna mini a goshi, zufa ta riƙe ta. Fili ya ɗauki shewa da tafi, ni kuwa na ƙara ɗaga murya, ina jin duk Damagaram babu ya ni. Ban san waƙata ta ƙarshe ke nan a gaban jama'a ba.

Wanda ya raba ni da waƙa shi ne ya koya mini son ta, kuma abin da har yau yake ƙona mini rai ke nan. Gidanmu a unguwar Birni yake, tsohon gidan ƙasa mai zaure biyu. Kakanninmu fatake ne, an ce a da raƙuma har layi suke yi a ƙofarmu. A zamaninmu dai abin da ya rage shi ne suna, da soro mai tsaga, da girman kai wanda ya fi ƙarfin tukunyarmu. Baffa Mutari, wan babana, shi ne mai gidan, abin da ya faɗa shi ake yi. Shi ya sayo tele da bidiyo mai faifai, na farko a lungunmu. Duk Lahadi bayan la'asar, in an yi sa'a akwai kuran, wato wutar lantarki, sai a fito da su tsakar gida a ɗora a kan turmi da faifan katako, yaran maƙwabta su cika gida har kan katanga. Finafinan Indiya muke kallo, daga baya na Hausa masu rawa da waƙa suka riƙa shigowa daga Kano. Baffa yana kan kujerarsa ta igiya a gaba. In aka zo wajen waƙa sai ka ga babban yatsan ƙafarsa yana bin kiɗa, in ta ƙare ya ce, "Habsu, mayar mana baya." Ni ce mai danna maɓalli. Sau nawa na ga idonsa ya kawo ruwa, ya ce hayaƙin murhun uwata Inna ne, alhali ko wuta ba a hura ba.

Ni kam abin ya shige ni har ɓargo. Ba labarin ba ne ya dame ni, don sau da yawa tun daga farko na san yadda zai ƙare. Abin da ya kama ni shi ne, a duniyar can in magana ta kasa ɗaukar abin da ke zuciyar mutum sai ya fashe da waƙa, kuma duk kasuwa ta san amshi, mai tumatir da mai ɗinki su ajiye sana'a su shigo layi. Na ce ai haka ya kamata duniya ta kasance. Ba na jin Indiyanci, sai in ɗauki karin in zuba masa tawa Hausar. In ina daka, taɓarya ce ganga. In ina wanke-wanke, murafen kwano ne. Na ƙona tuwo ban san iyaka ba, na yage mayafin Inna garin naɗa shi irin na matan fim, na sha rankwashi har kaina ya saba. Inna takan ce, "Ke dai kowane aiki sai kin sa masa amshi." Babban dandalina kuwa layin pampo ne. Wanda ya tashi a garinmu ya san ƙishirwarsa: a kai bido, jarkar ɗiban ruwa, tun da safe, a jera, a zauna jiran ruwan da bai yi wa kowa alkawari ba. Sauran yara suna ƴar carafke da langa, ni ina kife bidojin mutane ina raba wa ƙawaye, wannan ta buga, waccan ta amsa. In mun gaji da gaɗar da muka gada sai mu hau duwatsun bayan kartiye, wato unguwarmu, kowa ta leƙo daga bayan nata dutsen kamar yadda muka gani a tele.

A lakwal ne Madam Zara, malamar ajinmu, ta kama ni wata rana ina jera ƴan aji a bayan kilas, ɗakin karatunmu, lokacin shan iska. Na miƙa hannu ina jiran bulala. Sai ta ce in sake daga farko. Da na gama ta ce a bikin rufe lakwal na bana wasa mai waƙa za mu yi, kuma mutane za su zo daga biro, ofishin ilimi, su duba, lakwal ɗin da wasanta ya fi kyau ita za a kai babban dandalin gari, mai labule da fitilu da lasifika. Ban taɓa shiga wurin ba, ta ƙofa kawai nake leƙawa in an aike ni kasuwa. Tun daga ranar ba ni da wani buri a duniya sai in taka dandalin nan. Labarin mu muka ƙaga shi: wata yarinya ce, Nana, uwarta ba ta da lafiya, pampo ya ƙafe, ta ɗauki tulu ta shiga gari neman ruwa, duk ƙofar da ta je sai a kore ta da waƙa, ita ma ta amsa da waƙa. Ni ce Nana, kuma yawancin waƙoƙin daga bakina suka fito. Wata biyu muna gwaji a ƙarƙashin dogon yaro, da bido da gwangwanin tumatir. Kada wani ya ce a ɓoye na yi. Baffa ya sani, ya ce ai wasan lakwal ilimi ne. Shi da kansa ya ba da aron tsohuwar babbar rigarsa ga yaron da ya fito a mai unguwa, kuma ranar bikin a bencin gaba ya zauna, yatsan nan nasa yana aikinsa.

Kuɗin Iya na taɓa goshina yatsan ya tsaya. Baffa ya miƙe. Bai yi ihu ba, shi ba ya ihu, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tako har gaban teburan, ya sa ɗan yatsa ya ɓantare dala biyar ɗin daga goshina kamar mai korar ƙuda, ta gangara ƙarƙashin tebur. Ya kama wuyan hannuna ya sauko da ni, tulun ya faɗi ya fashe. Masu bido suka yi ta bugawa na ɗan lokaci don ba su gane abin da ke faruwa ba, sannan suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Nana tana ƙofa ta uku, ba ta samu ruwa ba, wasa ya tsaya a nan. Mutanen biro suka tattara takardunsu, wata lakwal aka zaɓa.

Sai a gida na fahimci laifin. A Gouna, in yaro ya burge, ko a dandali ko a gona, wanda ya ji daɗi yakan liƙa masa abin da ke hannunsa, ƙauna ce kawai, ba ta da wani suna. A gidanmu kuwa liƙi na maroƙa ne da zabiya, masu ci da bakinsu. Ƴar gidan fatake ta tsaya a bainar jama'a an manna mata kuɗi a fuska, a wurin Baffa an tuɓe wa kakanninsa rawani ke nan. "Mu muke bayarwa, ba a ba mu," abin da ya yi ta maimaitawa ke nan a zaure. Ka ji fa! Gidan da in damina ta kama, geron Iya da gyaɗarta ne suke riƙe mu. Tsohuwar nan da ta haifi uwata, wadda ta girme shi nesa ba kusa ba, ita ce ta durƙusa a kan tabarmar zaure tana cewa a yi mata aikin gafara, ƙauyanci ne, ba ta san al'adar birni ba, kada a hukunta yarinya da laifinta. Inna tana kuka a bayan ƙyaure. Babana yana zaune a gefe yana kallon yatsun ƙafarsa kamar yau ya fara ganin su. Na yafe masa abubuwa da yawa, Allah ya ji ƙansa, amma shirun nan na ranar har gobe yana maƙale a wuyana. Da ya buɗe baki, maganar wansa ya maimaita: daga yau bai yarda in sake waƙa a gaban mutane ba, ko a lakwal ko a biki. Madam Zara ta zo da magariba ta ba da haƙuri, ko tabarma ba a shimfiɗa mata ba.

Washegari Lahadi ce. Iya ta kama hanyar Gouna tun da hantsi, ko furar da Inna ta dama mata ba ta sha ba. Bayan la'asar, wallahi, aka fito da tele aka ɗora a kan turmi kamar babu abin da ya faru. Ƴan matan wasu suna ta juyi a cikin gilashi, Baffa yana lumshe ido. Waƙa ta ƙare, ya ce, "Habsu, mayar mana baya." Na tashi na danna. A ranar na gane cewa a gidanmu waƙa halal ce muddin ƴar wani ce take yin ta.

Da hutu ya kama aka tura ni Gouna kamar kowace shekara. An riga an yi shuka, gero ya kai gwiwa, gyaɗa ta fara rufe ƙasa. Da sassafe muke fita, ni da gorar ruwa da ƙwaryar fura, Iya da hauyarta a kafaɗa. In cire ciyawa, in tsinko tafasa da rama na miya, in kori awakin maƙwabta daga wake. Amma Iyar da na sani ba ita na tarar ba. Da can tun daga bakin gari take tarbata da tsiya, ta ce ga ƴar birni mai tsoron kunama, mu yi ta musayar baki har dare. Yanzu sai lallaɓa ni take kamar baƙuwa, ta zuba mini nono fiye da na kowa, ba ta iya haɗa ido da ni. Tsohuwa tana jin kunyar jikarta, saboda ta so ta a fili. Tir da wannan hali da aka jefa ta.

Wata rana da rana ta take muka zauna a gindin tsamiyar gonar gyaɗa. Ta daɗe tana juya ludayi a cikin fura, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ƙawata, yarinyar nan mai tulu, ta samu ruwan kuwa?" Ashe tun ranar abin yana cin ta. Na duba gabas da yamma, babu kowa sai jakin wani a ɗaure. Na ce a raina, Iya ai ba jama'a ba ce. Na kife ƙwarya, na ɗora gora a kaina, na ɗauko daga ƙofa ta uku inda aka tsayar da ni. Ni ce Nana, ni ce mai unguwa, ni ce matan da ke korar ta, ni ce masu amshi. Na yi mata har ƙarshe, inda Nana ta dawo gida da tulu wayam, ta zauna a ƙofar ɗakin uwarta tana waƙar ban haƙuri, sai hadari ya haɗo, duk waɗanda suka kore ta suka fito da ƙorai da bokitai suna rawa a cikin ruwan da babu mai iya kulle shi. Ban taɓa yin waƙa da kyau irin na ranar ba, na kuma san haka tun ina cikin yi. Da na kai ƙarshe na ga fuskar Iya ta buɗe, ta cika ƙirji za ta rangaɗa guɗa, hannunta ya tafi gefen zane wajen ƙullin nan. Har ta kama shi. Sai hannun ya tsaya. Ta saki ƙullin a hankali, ta haɗiye guɗar, ta goge tafinta a cinya. Ta ce mu tashi, ciyawa ba ta jiran kowa.

Iya ta rasu ina kolej. Ni yanzu ungozoma ce a likita, asibitin garinmu, da ƴaƴana huɗu, kuma har yau in na dawo daga aiki nakan kunna irin finafinan nan a waya, in mayar da waƙa baya sau uku ba mai hana ni. Amma ko a ɗakin girki in na ji takun mutum muryata takan mutu da kanta. Dandalin nan mai labule na shiga cikinsa sau da dama, a kujerar ƴan kallo. Bara aka yi bikin jikar Baffa. An ɗauko mai kiɗan inji, amarya da ƙawayenta sun yi sati biyu suna koyon rawar fim, suka fito a jere a tsakiyar titi. Ina tsaye na ga an riƙo Baffa Mutari, da sandarsa da farin gemunsa, an kai shi tsakiyar fili, ya zaro sababbin takardun kuɗi na jika-jika yana manna wa amarya a goshi ɗaya bayan ɗaya, ana ɗaukar sa hoto. Da aka dawo da shi ya gan ni, ya yi dariya, ya ce, "Habsu, da ke ce mai son irin wannan, ba za ki shiga ba?" Bai ma tuna ba. Na ce masa ƙafata ke ciwo, na nemi kabu-kabu na koma gida.

Mutane suna cewa zamani ya canza, a yi murna. To, na yi wa yaran yanzu murna, Allah ya sani. Sai dai canjin bai je Gouna ya ɗaga tsohuwar nan daga durƙuson da ta yi ba. An zubar da jikkuna a titi ranar bikin, yara suna wawa, ni kuwa dala biyar ɗaya nake nema, wadda ba ta fito daga ƙullin zane ba.