Emil Havlik da Amalanken Ƙanƙara

Faɗuwa ce sana'ar Emil Havlik. Tun yana saurayi a Prague yake wasan tsalle-tsalle, da ya zo Los Angeles sai ya zama mai shan wuya a madadin Gus Tarbell, ɗan barkwancin nan mai gajerun finafinai. Gus ya gama murmushinsa, a sa wa Emil rigarsa da hularsa, ya gangaro daga bene. A zamanin fim marar magana abin da sauƙi: darakta Renfro ya daka tsawa, "Yanzu!" Emil ya yi tsalle.

Sai sauti ya shigo. Aka rataya makirufo, aka hana kowa ko da tari.

Ranar da za a ɗauki wasan amalanken dakon ƙanƙara, Renfro ya kai Emil gindin wani gangaren titi. "Nan za ka tsaya, ka ba amalanken baya kana gyaran hula. Zai taho a guje. Ina ɗaga hankici, ka kauce."

"In ban gani ba fa?"

"Haba tsoho, makanta ka fara?" in ji Gus daga inuwa. "Rigata dai, ka kula min da ita."

Matar Emil, Zdenka, mai ɗinka kayan 'yan wasa, tana ɓalla masa maɓalli. "Ka ce musu ba za ka yi ba."

"In na ƙi yau, gobe wani ke cikin rigar nan."

Wuri ya yi tsit. Rana ta doki idon Emil, fitilu suka ƙara, Renfro ya koma wata inuwa kawai. Ba hankici, ba komai. Ƙasa ta soma girgiza ƙarƙashin takalminsa, ƙarar ƙafafun ƙarfe na ta matsowa. Yanzu ne? In ya yi gaggawa fim ya lalace. Gumi ya gangaro masa cikin ido, ya ƙi motsi.

Zdenka ta kasa daurewa, ta kurma ihu da yarensu. Ya yi tsalle, amma amalanken ya riga ya kwashe masa ƙafar hagu. Ƙashin ya ce ƙas.

Renfro bai yanke ihun daga fim ɗin ba. A sinima mutane suka yi ta dariya har da hawaye. Emil ya warke da ɗingishi, aka ba shi aikin jefa buhun yashi gaban makirufo duk sanda wani ya faɗi a fim don a ji ƙarar faɗuwar, ya yi shi har tsufa. Zdenka kuwa har ta rasu ba ta yarda ta kalli fim ɗin ba.