Malam Rabe da Ayabar Dajin Natal

Ƙarfe bakwai na safe Malam Rabe yake sauka daga bas ɗin unguwar Lozells, a Birmingham. Ya buɗe ɗakin gilashi na lambun unguwa, ya rataye rigar sanyi. Ba ya fara duba ma'aunin zafi. Tsayawa yake ya ga ko tabaraunsa zai yi gumi. In bai yi ba, akwai gyara. Sai ya ja tiyo ya jiƙa daɓe sharkaf, kafin ya taɓa tukunya ko ɗaya. Shekara ashirin da shida yana haka.

Mutanenmu na Birmingham mai ban ruwa suka san shi. In ana suna ko walima, likitoci da injiniyoyi ne a gaba, shi yana can wajen takalma. Ba wanda ya taɓa tambayarsa me yake ba ruwan.

Ashe wata ƙasa yake tsaro a cikin gilashi. Tsiran ɗakin duk daga KwaZulu-Natal suke, lardin bakin teku a gabashin Afirka ta Kudu. Bai taɓa zuwa ba. Aji huɗu ya yi a firamare. Amma ya san ruwan tekun wajen ɗumi gare shi, shi ya sa iska take zuwa a jiƙe. Ya san daminarsu tana kamawa ne lokacin da mu nan muke rawar ɗari. Ya san rake ya rufe tuddai, da injinan sukari, da jiragen ruwa masu jiran layi a tashar Durban. Ya san in ka nausa ciki ka hau duwatsu sai ka tarar da ƙanƙara. Rabin wannan sani daga bakin Celestina ya same shi, wata tsohuwar nas 'yar can. Duk Lahadi takan zo ta zauna a benci, ta rufe ido, ta ce nan kaɗai ne a Ingila iska take warin gidansu.

Uwar ɗakin ita ce ayabar daji, wadda aka kawo a jirgin ruwa tun ba a haifi Rabe ba. Kanta ya kai rufi. Furenta fari, kamar kan tsuntsu.

A shekarar da aka matsa tsuke bakin aljihu, aka rufe ɗakunan karatu da wuraren tsofaffi, takarda ta zo masa. Hukumar lambun za ta kashe ɗumin ɗakin ƙarshen Nuwamba, shi kuma ya tafi gida ya huta. Ya karanta sau biyu a tsaye. Bai tambayi tasa makomar ba. Ya tambayi ta ayabar. Aka ce ta yi girma, ba mai ɗauka.

Sai ya ɗauki wuƙa ya yanko 'ya'yanta goma sha biyu daga gindi, ya dasa a tukwane. Ranar Juma'a bayan an sauko, ya tsaya a ƙofar masallaci yana roƙon a karɓa. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa allura ba. Dakta Habu na Edgbaston ya karɓi biyu, ya ce gidansa akwai ɗumi kamar Sakkwato, kada Malam ya damu. Rabe ya fara bayanin iska, aka ce an gane, ai abin Afirka ne. Ta ƙarshe ba mai so. Inno, wata bazawara da ta zo ziyara daga Manchester, ta rungume ta ta shiga jirgin ƙasa don kada ta kunyata shi.

Sati biyu da kashe ɗumi uwar ta yi baƙi ta faɗi. Celestina ta leƙa ta gilashi, ta juya ta tafi.

Bayan sabuwar shekara Rabe ya bi gidaje. Gida na farko, tukunya manne da hita mai ɗumama ɗaki, ganye ya bushe ƙayau. Na biyu haka. Na uku haka. Kowa ya yi tunani ɗaya: ɗan Afirka zafi yake so, kuma zafin da muka sani busasshe ne. Sun gasa su da hannunsu, suna ganin gata suke yi. A gidan Dakta Habu har bargo aka naɗa wa tukunya.

Rabe ya murza ganyen ya zama gari a tafinsa. "Likita, kifi ma ɗan Afirka ne. A kan hita kake ajiye shi?"

Dakta, mutumin da ke yi wa ɗalibai lacca, ya tsaya kamar wanda aka kama da hannu a tukunya.

Goma sha ɗaya sun mutu. Saura ta Inno. Rabe ya hau mota zuwa Manchester ba ya sa rai. Inno ta tare shi da ban haƙuri tun daga ƙofa. Ta ce ɗakinta ƙarami ne, ba wuri kusa da hita, shi ya sa ta jefa abin a banɗaki, gindin taga. Banɗakin nan kuwa shekara uku tana kai ƙarar mai gida saboda laima, bango har tsatsafo yake, bai gyara ba.

Ya tura ƙofa. Tabaraunsa ya yi gumi. Da ya goge, sai ga ta tsaye, kore shar, da sabon ganye a naɗe. Dattijo ya zauna a bakin baho ya daɗe bai tashi ba.

"Malam, na yi laifi ne?"

"Inno, ko an zo gyaran bangon nan, ki ce a fara kira na."

Shekara shida ke nan. Duk wata yana zuwa Manchester da kuɗin motarsa, ba albashi, ba wanda ya aike shi. Ayabar ta wuce tsayin Inno, ta yi 'ya'ya huɗu. Ya kai wa Celestina ta farko. Dakta Habu ya nemi ɗaya, aka ce ya jira.

Malam Rabe, kai ne mai riƙon amanar da masu ita suka yar. Kai ne ka san ƙasar da ba ka taka ba fiye da yadda muka san wadda muke zaune a ciki. Mun ajiye ka wajen takalma, ka yi shiru. Mun ƙi jin maganarka, abu goma sha ɗaya ya mutu a hannunmu. Wannan kunya tamu ce.

Mun gode. Allah ya ƙara lafiya, ya saka da alheri. Ku kuma matasa, in an ba ku aiki ku san shi har gindinsa kamar yadda ya san nasa. In mai aiki ya buɗe baki, ku bari ya kai aya. Dakta Habu ya koyi wannan. Ya sayi abin fesa ruwa, ya kashe hitar banɗakinsa, yana nan yana jiran Malam Rabe ya zo ya duba gidan.