Ɗan barewar da na raba da uwarsa

Salama 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan ban rubuta komai a nan ba. Masu cewa na yi tafiya, ban je ko'ina ba. Gadon asibiti ne ya riƙe ni, kunya kuma ta riƙe bakina. Yau zan faɗa.

Da yawanku kun san bara na haihu, yaron bai zo da rai ba. Kayansa suna nan cikin akwati, ban iya ba da ko safa ba.

Farkon damina na je gonarmu ta dankali da ke gindin duwatsu, can bayan gari. Ina cirar ciyawa sai na ga ɗan barewa kwance, ya lafe, ko kunne bai motsa ba. Cibiyarsa ma ba ta bushe ba. Na duba gabas da yamma, babu uwa. Na ce a raina, wannan ma an yashe shi kamar ni. Na kwance zanen da na ɗaura a ƙugu na goya shi.

Surukina, Baba Gyang, tsohon maharbi ne. Da ya gan ni a ƙofar gida sai ya ce, "Rifkatu, mayar da shi inda kika ɗauko. Yanzu-yanzu."

Na ce, "Baba, karnuka su cinye shi?"

Ban tsaya jin sauran ba. Ni dai da taurin kai aka haife ni, maigidana Bulus shaida ne.

Na buɗe akwatin nan, na ciro fidar jaririna, na haɗa madara. A ɗakina yake kwana, cikin kwali. Rana ta biyar na tashi na tarar ya sandare.

Bayan mako guda zazzaɓi ya kama ni. Kai kamar ana sara. Na tsaya a kemis kusa da Tina Junction, inda nake sayar da kayan miya, na sha na maleriya. Bai sauka ba. Aka ce taifod ne, na sha nasa. Wata ta kawo mini saiwa, na dafa na ɗura. Mako uku ina wannan wauta, har ranar da na yanke jiki na faɗi a kan tiren tumatir.

A asibiti aka ɗebi jini sau uku. Babu maleriya, babu taifod. Ƙarin ruwa leda bayan leda, allura safe da yamma, zazzaɓi yana nan daram. Bulus ya sayar da awakinmu biyu saboda gwaje-gwaje. Na ji wata nas tana ce masa a hankali, "Oga, ka kira mutanenta su zo su gan ta."

Na tsorata ƙwarai. Kuma na yi fushi da Allah, ba zan ɓoye ba. Matan zumunta na cocinmu suka zo suna waƙa, na juya musu baya. Na ce Ubangiji ya ɗauke ɗana, yanzu ya ajiye ni a nan ya yi tafiyarsa.

Rana ta shida wata likita ta ce a cire mini riga duka. A ƙarƙashin hammata ta ga wani baƙin tabo kamar ƙunar sigari, ga kaluluwa ta kumbura.

"Mama, kin taɓa wata dabba kwanan nan?"

Na ba ta labarin. Ta ce, "Cizon kaska ne. Da kin zo makon farko, ƙwaya kawai za ki sha a gida."

Ta canja magani. Kwana uku zazzaɓi ya sauka, na sha kunun acca da hannuna.

Ranar ce Baba Gyang ya zo. Ya zauna a bakin gado, ya daɗe yana juya hularsa. Na ce, "Baba, faɗi abin da na hana ka faɗa ran nan."

Ya ce, "Barewa ba ta yar da ɗa, 'yata. Ɓoye shi take yi. Idan ta tsaya kusa, warinta zai jawo masa kare. Sai ta lashe shi tas, ta kwantar da shi, ta koma nesa tana kallo. Lokacin da kika goya shi, tana ganinki."

Na ce, "Ta dawo?"

"Kwana huɗu ina samun sawunta a wurin. Ta tattake ciyawar duka."

Na yi kukan da ban yi ba ko ranar jana'izar ɗana. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma ni da na san zafin nono babu mai sha, ni na ɗora wa wata uwa shi. Kuma ƙaryar da na yi wa barewa, ita na yi wa Ubangiji. Don ban gan shi a bakin gadona ba, na ce ya tafi.

Yanzu na warke, sai dai ƙafafu da saurin gajiya. Na gode wa Yesu. Na gode wa likitar nan da ta duba inda wasu ba su duba ba, da Bulus, da matan zumunta da na yi wa rashin kunya. Ku yafe mini.

Shawarata kaɗan ce. Zazzaɓin da ya wuce kwana uku, ku bar kemis ku je asibiti. Ku faɗa wa likita dabbar da kuka taɓa. In kun dawo daga daji ku duba jikinku, har hammata. In kuma kun ga ɗan dabba kwance shi kaɗai, ku wuce abinku, yana da mai shi.

Jiya na koma gonar. Ciyawa ta rufe wurin, babu sawu ko ɗaya. Na tsaya na ce wa uwar ɗan barewar ta yafe mini, ko da na san ba ta nan.