Ranar da Motar Amarya Ta Mutu a Hannuna

Edita, ina gaisuwa. Lokacin da abin nan ya faru ina da shagon kayan gini a Kakuri, ina zaune a Narayi, kuma ni ne babba a ɗakinmu. Duk wata hidimar dangi a ƙofata take farawa. Tsohuwar motata ce ke kai mara lafiya asibiti, ita ce ke ɗaukar amare. Kwatsam sai autanmu, yaron da na yi wa wanka da hannuna, ya samu aiki a wani kamfanin sola, ya shigo da sabuwar mota mai lantarki. Mahaifiyarmu ta shiga sau ɗaya, ta fito tana cewa ita kam ta gama da motar da ke jijjiga mata ƙugu. Na yi dariya tare da kowa, amma ranar ko tuwo kasa ci na yi. Hassada ce, ba wani suna da zan sa mata.

Ban yi shawara da kowa ba na sayar da tawa. Wani dillali ya nuna mini mai lantarki 'yar Kwatano wadda ta kwana biyu a duniya, ya ce garantinta ya ƙare, amma ai garanti na matsorata ne. Auta ya ji labari, ya ce Yaya in bari ya sa na'ura ya auna lafiyar batirin. Na ce tun yana tsumma nake sayen mota. Na dube ta yadda muka saba: na daki tayoyi, na shafa fenti, har na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta ko mai na zuba. Batirin kuwa, wanda shi ne motar gaba ɗaya, ko kallonsa ban yi ba.

Wutar unguwarmu sai ta ga dama take zuwa. Auta yana da sola a gidansa na Unguwar Boro, ya ce in riƙa kawo ta caji. Ni in ajiye tawa kusa da tasa mutane su gwada? Gara in sayi fetur in tada janareta a bayan gida. Matata ta ce motata ba ta daina shan mai ba, kunyar sha a gaban mutane kawai take ji. Na kuma lura cajin kan nuna rabi, can sai ya faɗo ƙasa lokaci guda. Na ci gaba da hawa abata.

Da bikin 'yar ƙanwata ya zo, mata suka tsayar cewa motar auta ce za ta kai amarya Makera. Na ce muddin ina numfashi babban kawu ne zai kai ta. Ƙanwata ta same ni gefe, ta ce Yaya in rufa mata asiri, na san gwaggonninmu: a wurinsu ba a sauke amarya a hanya, in ƙafarta ta taka ƙasa kafin gidan miji, wai auren ba ya zama. Na ce camfi ne, kuma motata lafiyarta ƙalau.

Bayan la'asar muka taso. A unguwar Television muka faɗa cunkoso, gwaggonmu mai rakiyar amarya na kukan zafi, na ƙure sanyi don kada a ce ta auta ta fi. Ba mu fita daga wurin ba motar ta ɗauke ɗif. Samari suka zo turawa, tayoyin suka ƙi juyawa. Wani ɗan acaba ya leƙo yana tambaya ko Alhaji an ɗauke masa wuta ne. A gaban jama'a aka fito da yarinyar, ta taka kwalta tana kuka cikin lulluɓi, aka sa ta a motar auta. Auta ya ma dawo da mai jan mota, kuma hakan ya fi zagi ciwo.

Sabon batir ya fi ƙarfina, yanzu iyakar motar shago da gida. Amma ba wannan ne ke damuna ba. Duk saɓanin da yarinyar ta samu da mijinta, sai gwaggo ta ce ai tun a hanya aka gani, ita kuma ta sa abin a ranta. Ƙanwata gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Mai karatu, in za ka sayi irin wannan motar, ka sa wanda ya sani ya auna batirin, ko da shi ne wanda kake jin haushi. Kuma ka tambayi kanka motar kake so ko wani kake son ka fi, domin ba kai kaɗai za ka biya ba. Watan jiya yarinyar ta haihu. Da kanta ta kira ni ta faɗa mini ranar suna, sannan ta ce don Allah Kawu in zo a keke-napep.