Jirgin da Na Kifar da Bakina

Ba zan faɗi sunana ba. Mutanen Yauri da Wara sun san ni, wanda bai san ni ba kuwa sunan ba zai ƙare shi da komai ba. Ina rubuta wannan ne saboda matasa, musamman waɗanda suka gama karatu suna neman wurin da za a ce sun iya. Ban tabbata na cancanci yi wa kowa nasiha ba, amma abin da na aikata ya fi ƙarfin in yi shiru.

A Yauri aka haife ni. Babana yana noman shinkafa a fadama ta wajen Shanga, Inna kuma tana bandar kifi. Ni ne na farko a gidanmu da ya shiga jami'a, na karanta aikin jarida. Tun ina yaro ni mai tsoro ne. Ban taɓa ɗaukar abin wani ba, kuma ko tambayata aka yi ƙarfe nawa sai na duba sau biyu. Na faɗi haka ne don kada wani ya ɗauka akwai irin mutanen da aka halitta domin laifi. Da an ce wa Inna ɗanta zai kwana a kurkuku, ina jin dariya za ta yi.

Bayan bautar ƙasa na daɗe a gida ba aiki. Daga baya wani gidan rediyo a wani babban birni ya ɗauke ni wakilinsu na yankin tafkin Kainji. A birnin nan gidajen rediyo sun yi yawa, kuma akwai wani kamfani da ke bin masu sauraro yana tambayarsu tashar da suke kamawa. Duk ƙarshen wata sai ya fitar da jeri: wannan gida ne na ɗaya, wancan na biyu, haka har ƙasa. Masu talla wannan jeri suke bi. Gidan da ya hau sama ya yi biki, wanda ya sauko ya fara korar mutane. Mutanenmu masu fataucin kifi da 'yan ci-rani suna da yawa a birnin, shi ya sa labarin tafki yake da kasuwa. Abin da aka faɗa a can, kafin ka juya ya iso gida ta waya.

Akwai wani mai jirgin ruwa a Wara sunansa Ɗanladi. Ya girme ni, yaya nake ce masa. Shi yake tsallakar da ni ƙauyukan bakin ruwa in neman labari ya kai ni, kuma duk yankin an san shi da iya nutso. Shi ya laƙaba mini suna Malam Wataƙila. Da ya hango ni sai ya ɗaga murya: "Malam Wataƙila, yau mi za mu ji? Kai ko sunanka aka tambaye ka cewa za ka yi ana kyautata zato!" Masunta su yi ta dariya, ni ma in yi.

Shugaban sashen labaranmu, wanda muke kira Oga Sabo, bai ɗauki abin da wasa ba. Rahotona na farko a kan dorina ne da ta shiga gonar shinkafa. Na ce mai gonar yana zaton dorina ce, domin sawu kawai ya gani. Oga ya kira ni ya ce: "Malam, mai sauraro yatsansa na kan waya. Da ka ce ana zato, ya koma maƙwabta. Dorina ce ko ba dorina ba?" Na ce mai yiwuwa ita ce. Ya ce in sake ɗauka in cire mai yiwuwar. Na cire. Ban ga laifi sosai ba a lokacin, don na gaya wa kaina ai kusan tabbas dorinar ce.

Daga nan abin ya riƙa tafiya a hankali. Gona ɗaya ta zama gonaki. In ban sami wanda ya ga abu da idonsa ba, sai in je wurin wani abokina mai shayi in gaya masa abin da zai faɗa, in sa masa sunan wani ƙauye. Har na koyi zuba ruwa a roba ina kaɗawa da hannu a ɗakina, don a ji kamar a bakin tafki nake. Na san ƙarya nake aikawa. Amma wata ya ƙare, jeri ya fito, gidanmu ya hau. Oga ya kira ya ce masu sauraro suna son muryata. Ban taɓa jin wani babba ya yabe ni haka ba. Ina ganin yabon nan ne ya kama ni, fiye da komai.

Sai aka yi wata biyu a jere muna saukowa. Gidan da muke takara da shi ya ɗauki nasa wakilin a yankinmu, wani mai kaifin baki, ya riga ni ba da labari sau da dama. Oga ya tara mu a waya ya ce in jerin wata mai zuwa bai gyaru ba, wakilan karkara za a fara sallama. Na tuna zaman da na yi a gida ba aiki, da yadda Babana yake kawar da kai in maƙwabta suka tambaye shi me digirin ya haifar.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, tsakiyar damina. Da la'asar hadari ya haɗu, iska ta taso, ruwa ya fara tumbatsa. Wani babban jirgi da ke ɗauko 'yan kasuwa daga tsallake bai iso ba, lokacinsa ya wuce sosai. Wayar direban ba ta shiga, wanda ba abin mamaki ba ne a tsakiyar tafki. Mata suka taru a gaɓar Wara suna leƙe, ni ma ina nan. Wata tsohuwa ta ce: "Allah ya sa dai ba kihewa ya yi ba." Iyakar abin da na ji ke nan. Da na waiwaya sai na ga wakilin wancan gidan ya koma gefe, waya a kunne, yana magana da sauri.

Na kira Oga na ce akwai jirgin da ya yi jinkiri, ana fargaba. Ya ce yanzu za a shiga labarai, jinkiri ba labari ba ne. "Ya kife ko bai kife ba?" Na sake duban wancan wakilin. Na ce ya kife. Suka sa ni kai tsaye. Mai gabatarwa ya tambaye ni ko na gani da idona, na ji bakina yana cewa na gani.

Ban ko mayar da wayar aljihu ba, wayoyin mutanen da ke kewaye da ni suka fara ƙara. 'Yan uwa daga birni suna kira suna kuka, an faɗa a rediyo. Ina tsaye ƙaryata ta je birni ta dawo ta same ni a gaɓa, mata suka fara faɗuwa ƙasa.

Akwai abin da ya kamata wanda ba ɗan ruwa ba ya sani. A wurinmu in jirgi ya yi jinkiri cikin iska, ba mai fita nemansa, domin kowa ya san direba mai hankali raɓewa yake yi a tsibiri har iska ta lafa. Amma in aka ce ya kife, ba a jira. Duk mai jirgi zai kwance igiya, ba ya tambayar su wane ne a ciki, Musulmi ne ko Kirista, 'yan gari ko baƙi. Na san wannan sarai. A cikinsa na tashi.

Ɗanladi ya ratso mutane ya zo gabana. Wannan karon bai kira ni da sunan tsokana ba. Ya ce: "Ƙanena, an ce kai ka gani. Ta wane gehe?" Na sha tunanin wannan lokaci a kurkuku fiye da kowane. Da na ce masa yaya, ban gani ba, da mutane sun zage ni, wataƙila su doke ni, aiki ya tafi, shi ke nan. Amma na ji kunya, na ji tsoro. Na ɗaga hannu na nuna masa wajen yamma. Ya ce: "In dai kai ka faɗa ba wataƙila, to gaskiya ne." Ya juya da gudu.

Jirage da dama suka fita cikin wannan iska. Tafkinmu akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashinsa tun zamanin da ruwa ya cinye tsofaffin garuruwa, kuma in ruwa na hauka ba a ganinsu. Jirgin Ɗanladi ya hau kan ɗaya ya tsage. Waɗanda ke tare da shi sun ce shi ya tura su ɗaya bayan ɗaya zuwa jirgin da ke kusa, sannan igiyar ruwa ta maka shi da katako. Kafin magariba iska ta kwanta, sai ga babban jirgin nan ya shigo lafiya da mutanensa duka da buhunansu. A bayan wani tsibiri suka fake. Gawar Ɗanladi sai washegari aka samu.

Daga baya wakilin wancan gidan ya gaya wa 'yan sanda cewa da matarsa yake magana a lokacin, ɗansu ne ba lafiya.

'Yan sanda ne suka raba ni da mutane, in ba haka ba ban san abin da zai faru ba. Gidan rediyon ya ba da sanarwa cewa ni ba cikakken ma'aikacinsu ba ne, kuma sun dogara da maganata ne. A kotu aka kunna muryata ina cewa na gani da idona. Lauyana ya so in ɗora wa Oga Sabo, ya kawo maganar jerin wata-wata da barazanar kora. Na yarda an matsa mini, kuma ina ganin shi ma yana da nasa a wurin Allah. Amma Oga ba ya gaɓa lokacin da Ɗanladi ya tambaye ni. Hannun da ya nuna yamma nawa ne. Na amsa laifina, aka yanke mini ɗauri.

Ba zan yi dogon bayani a kan kurkuku ba. Akwai yunwa, akwai ƙaiƙayi, akwai cunkoso. Ina ɗaki ɗaya da ɓarayin shanu da masu damfara, suna ta tambayata me na sata. Wani dattijo a cikinsu da ya ji labarina ya ce shi saniyar da ya sata an mayar wa mai ita. Babana ya rasu ina ciki, ban sami jana'izarsa ba. Inna ta daina kai kifi kasuwar Wara saboda kallon da ake yi mata.

Da na fito, na yi makonni ina ɗage zuwa gidan Ɗanladi. Daga ƙarshe na roƙi limamin unguwarmu da wani dattijon cocin su Ɗanladi, da yake Kirista ne, suka raka ni. Matarsa Jummai tana tsakar gida tana juya kifi a kan wuta. Na durƙusa na faɗi abin da na shirya, rabinsa ya ɓace mini. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce: "Na ji a kotu an ce gasa kuke yi da wata tasha. To, wancan watan kun ci?"

Wani abokin aiki da ya ziyarce ni a tsare ya taɓa gaya mini sakamakon. Na ce mata na biyu muka zo.

Ta ce: "Ashe ko na ɗayan ba ku samu ba." Ta ci gaba da juya kifinta. Dattawan suka sa baki suna ba ta haƙuri. Ta ce ba za ta yi musu ƙarya a kan yafiya ba, zuciyarta ba ta kai nan ba tukuna, ranar da ta kai za ta aiko. Na ce na gode, domin ban ga abin da ya fi wannan adalci ba.

Yanzu ina taya ƙanena noma a fadamar Babanmu. Na tuba ga Allah, ina fatan ya karɓa, ko da yake ba ni da hanyar sani. Abin da ya fi damuna shi ne abin da masunta suka gaya mini: yau in aka ce jirgi ya kife, akwai masu tsayawa su tambaya wa ya gani kafin su kwance igiya. A ruwa, wannan 'yar tsayawa tana iya cin rai. Ni na kawo ta, kuma ɗaurin da na yi bai cire ta ba.

Ƙannena, yau kowa da waya a hannu, kowa yana son ya riga kowa. Wasunku za su yi aiki a inda ake auna su duk wata, a ce wane ya hau, wane ya sauko. Ba na ce ku ƙi aiki ba. Amma ranar da babba ya ce ku faɗi abin da ba ku gani ba, ku ce ba ku gani ba, ko da a ranar za a sallame ku. Wanda aka kora yana iya komawa gida ya ci tuwo da iyayensa. In kuma ƙaryar ta riga ta fita, ku janye ta nan take, tun mutumin kirki bai taso ya tambaye ku ta wane gefe ba. Jerin wancan watan ba wanda ke tuna shi yau, ko a gidan rediyon. 'Ya'yan Ɗanladi suna nan suna girma ba uba. Ni kuma duk wanda ya yi sallama a ƙofar gidanmu sai in tashi in leƙa ko ɗan aiken Jummai ne. Har yau bai zo ba.