Baƙar Kwat Ɗin Malama Margaret

Margaret 'yar Dabai ce, 'yar manoma. Tun tana ƙarama take ganin yadda ƙwari ke cinye dawa a rumbun babanta kafin damina ta zagayo, kuma a kan wannan ta yi karatunta har ta zama malama a wata makarantar koyon aikin gona da ke Zuru. Mijinta Ebenezer soja ne. Shekarar da aka tura su gabas, an kai wa sansaninsu hari, aka ce ya ɓata. Ba a ga gawarsa ba, ba a kuma sake jin muryarsa ba. Tun lokacin take zaune da ɗiyarta Divine da surukarta, Mama Leah, wadda kullum sai ta share ɗakin ɗanta ta shanya kayansa a rana.

Ana nan sai aka karɓi binciken Margaret a wani babban taron masana a Abuja. Ba ta taɓa zuwa irinsa ba. Ta tambayi shugaban sashensu, Dakta Francis, irin kayan da ake sawa.

"Kwat da siket, masu duhu," in ji shi. "Baƙi ya fi. Takalmi rufaffe, kada ya yi tsini, don za ki daɗe a tsaye. Ki bar leshi da gwaggwaro a gida, ba biki za ki ba."

Ta sayi yadi ta kai wa Asama'u, telar da ke yi mata ɗinki a bakin kasuwa. Asama'u ta juya yadin a hannunta.

"Malama, baƙi wuluk haka? Ko an samu labari ne?"

"Ba a samu ba. Na taro ne."

Asama'u ta ɗauko abin awo.

Ran da aka gama ɗinkin, Margaret tana gwadawa a ɗaki sai Mama Leah ta ɗaga labule. Tsohuwar ta tsaya tana kallonta daga kafaɗa har ƙasa. Da ta yi magana, da C'lela ta yi, yarensu na gida da take komawa gare shi in ranta ya ɓaci.

"Maman Divine, wa ya mutu?"

"Ba kowa, Mama. Kayan aiki ne. Haka masu ilimi ke sawa a can."

"A nan garin, matar da ta sa baƙi daga sama har ƙasa kowa ya san abin da take faɗi. Ɗana yana da rai. In kin gaji da jira ki faɗa mini da bakinki."

Margaret ta cire kwat ɗin. Abin da ya fi damunta shi ne, lokacin da ta ga kanta a madubi cikin baƙin nan ta ji wani irin sauƙi a ƙirjinta, kamar ta sauke kaya. Ba ta faɗa wa kowa wannan ba.

Ta bar gida cikin atamfa shuɗiya, Mama Leah ta rako ta har tasha tana sa mata albarka. Kwat ɗin tana ƙasan jaka, a naɗe cikin zane.

Safiyar taron ta shimfiɗa kayan biyu a kan gadon masauki. Ta tuna maganar Dakta Francis, ta ji tsoron a ce baƙauya ta zo daga Zuru. Ta sa baƙin. Da ta shiga zauren sai ta ga mata da yawa cikin atamfa, har da farfesar da ke jagorantar zaman, maza kuma wasu da kaftani da hula. Ba wanda ya dubi kayanta. Ta yi bayaninta kan ganyayen da manoman Dabai ke sawa a rumbu, aka yi mata tambayoyi masu kyau, wani ma ya nemi su yi aiki tare. A ƙarshe aka ɗauki hoto.

Hoton ya riga ta isa Zuru. Makarantar ta sa shi a shafinta don taya Margaret murna, wata 'yar zumuntar mata ta nuna wa Mama Leah a waya bayan an tashi daga coci, da kyakkyawar niyya.

Margaret ta dawo ta tarar tsohuwar ta tattara kayanta ta koma garin Manga wurin ɗiyarta. Ta bi ta can. Mama Leah ta amsa gaisuwa, ta tambayi hanya, ta tambayi Divine. Da Margaret ta fara ba da haƙuri sai ta ce, "Kin yi kyau a hoton," ta tashi ta shiga ɗaki.

Har yanzu ba a ji ɗuriyar Ebenezer ba. Margaret tana zuwa Manga duk ƙarshen wata da magani da sabulu, a zauna a gindin mangwaro a yi zancen ruwan sama da farashin taki. An ƙara mata girma a wurin aiki. An kuma gayyace ta wani taron a Ibadan baɗi, ta ce musu za ta duba.